Bajamushen da Ya Kawo Matattunsa Shagonmu

Shagon da nake aiki yana kan hanyar Madinar Masana'antu, a kudancin Jidda, tsakanin mai gyaran taya da wani ɗan Yaman mai sayar da ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa. Aikinmu ɗaukar hoton takardu ne, abin da a nan muke ce wa taswir, da ɗinke littattafai, da manna wa kati leda. Yawancin masu zuwa leburorin masana'antu ne da direbobin manyan motoci, kowa da iƙamarsa, katin izinin zama a ƙasar, a hannu yana son a yi masa kofi. Ni ma iƙamar nake ɗauke da ita. A Jidda aka haife ni, a nan aka binne mahaifina, amma fasfona na Najeriya ne, ƙasar da ban taɓa taka ta ba. Mai shagon, wanda shi ne kafilina, mai tsaya mini a wurin hukuma, ba ya leƙowa sai jefi-jefi, don haka kusan komai a hannuna yake.

Wata Asabar bayan la'asar, a tsakiyar zafin nan da iskar teku ke zama kamar tururin tukunya, wani Bature ya turo ƙofa da kafaɗa, yana rungume da kwalin takalmi. Dattijo ne dogo, gashinsa fari fat, wuyansa ya yi ja. Na san fuskarsa don yana yawan tsayawa sayen tamis. Injiniya ne a wata masana'antar bututu, Bajamushe. Ya yi sallama da Larabcinsa mai nauyi, irin wanda ake koya a bakin leburori, ya ajiye kwalin a kan kanta ya buɗe.

Warin fumfuna ne ya fara fitowa. A ciki ƙananan katuna ne da ba su kai tafin hannu ba, an jera su a tsaye maƙil. Na zaro ɗaya. A gefe guda zanen gicciye ne an kifa masa hular ƙarfe ta soja. Da na juya sai ga hoton saurayi cikin kaki, an zagaye shi da baƙin layi, a ƙarƙashinsa wani rubutu mai ƙugiyoyi wanda ban iya cire ko harafi ɗaya ba.

Na ce, "Waɗannan fa, ya muhandis?"

Ya ce, "Matattu ne. Sojojinmu na yaƙin duniya na biyu."

Ya yi mini bayani, rabi da Larabci rabi da Turanci. A yankinsu idan mutum ya mutu, danginsa sukan buga irin wannan kati su raba a coci, kowa ya sa a littafin addu'arsa. Sojan da ya mutu a nesa ba a kawo gawarsa gida, katin ne kawai abin da uwarsa ke riƙewa. Shi kuma ya daɗe yana tara su. Ya tafi hutu gida, mukayyif ɗin ɗakinsa, na'urar sanyaya ɗaki, ya lalace a bayansa, da ya dawo ya tarar da danshin Jidda ya shiga kwalayen. Wasu katunan sun manne da juna, wasu sun fara tabo. Yana so a ɗauki hoton kowanne, gaba da baya, kafin su lalace.

Na ce masa ai wannan mai sauƙi ne. A manna musu leda, halas, ko a teku aka jefa su ba abin da zai same su. Ban jira amsarsa ba na kunna injin, na zura katin cikin leda, na nufi bakin injin da shi. Ban san dattijo na da sauri haka ba. Ya miƙo hannu ta saman kanta ya riƙe mini wuyan hannu.

Ya ce, "La. Don Allah, la."

Ya ce zafin injin yana dafa tsohuwar takarda, kuma ledar in ta kama ba ta fita har abada. Akwai direbobi biyu da ke jiran layi a bayansa, suka kwashe da dariya. Na kashe injin, na zaro katin da yatsa biyu na mayar masa.

Haka muka fara. Duk Asabar bayan la'asar yakan zo da kwali ɗaya, ya ja kujera ya zauna a ƙarshen kanta. Yana da wani siririn ƙarfe kamar wuƙar shafa man shanu, da shi yake raba katunan da suka manne, a hankali, yana riƙe numfashi. Ni in ɗauki hoton gaba da baya, shi ya karanta sunan da ƙarfi ya rubuta a kwamfutarsa, da ƙauyen mutumin, da sana'ar ubansa, da inda aka ce ya faɗi. Daga nan ya sa katin a wata farar ambulan da ya taho da ita daga gida. Hotunan kuwa yana tura wa wasu masu binciken tarihi a ƙasarsu. Ya ce takardun soja da yawa sun ƙone a yaƙin, amma idan aka haɗa katunan nan da yawa sai a gane wace runduna ce take ina a wane lokaci, da kuma yadda ƙauye guda ya rasa samarinsa. Yana samo su ne a wurin masu kwashe kayan gidajen tsofaffin da suka mutu. Jikoki ba su san fuskokin ba, sai su zubar.

Ban gaya wa kowa aikin da nake yi ba. Idan wani ya turo ƙofa nakan juya allon kwamfutar zuwa bango, in kife katin da ke hannuna. Wata rana ban yi sauri ba. Ladanin ƙaramin masallacinmu, wani Bahaushen Sudan mai yawan shiru, ya shigo da takardar asibitin matarsa, a daidai lokacin da hoton gicciye ya cika allon, da mutum a rataye a jikinsa. Ya kalli allon, ya kalli Baturen, ya kalle ni.

Na ce, "Aikin wani ne, Malam."

Ya ce, "Allah ya ba da kasuwa."

Bai taɓa tayar da maganar ba. Amma na ɗauki lokaci ina tsayawa a sahun baya, in an sallame in fice kafin ya juyo.

A hankali fuskokin suka fara zama mini mutane. Akwai mai manyan kunnuwa da hular ta yi masa yawa. Akwai mai tabarau da ya fi kama da malamin makaranta. Akwai kati guda mai ɗauke da 'yan'uwa uku, 'ya'yan wani manomi, an jera su kamar a hoton sallah. Da yawansu ko gemu bai fito musu ba. Har na fara gane wasu kalmomin a cikin rubutun mai ƙugiyoyi, kamar kalmar da ke nufin gabas, wadda take kusan ko'ina.

Wata rana na tambaye shi ko addu'a yake yi musu.

Ya ce, "A'a. Rabona da coci tun rasuwar matata."

"To jarumtarsu ce ta burge ka?"

Ya nuna mini wani layi a katin da ke gabansa. Ya ce, "Nan an rubuta ya yi mutuwar jarumi. Kusan dukansu haka aka rubuta musu. Mai ɗab'i yana da kalmar a shirye, suna kawai yake canzawa. Ni ina so a san wane ne ya je ina, kuma me ya yi a can."

Da na gaya wa matata daga baya, ba gicciyen ne ya dame ta ba. Ta ce, "Mutum shi kaɗai a gari, ba mata ba 'ya'ya, kana zaune da shi duk Asabar, ko ruwan gidanka bai taɓa sha ba? Ka kawo shi Juma'a."

Baƙo mai furfura bai kyautu a ce yaro kamar ni ne kaɗai ya tarbe shi ba, ga shi mahaifina ya rasu. Sai na gayyato Kawu, ƙanen mahaifiyata. Kawu ya tsufa a sana'ar tsire, wanda mutanen Jidda ke kira siriya, kuma babu wanda bai san teburinsa ba a tsohuwar unguwarmu. Mutum ne mai kyauta, mai son rediyo da labarin yaƙe-yaƙe. Ya zo da farar tobinsa, doguwar rigar nan ta Larabawa, da babban ƙunshin nama da ya gasa da hannunsa. Matata ta dafa salik, shinkafar madara ta mutanen nan, ta kuma tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka don baƙon ya ɗanɗana namu.

Injiniyan ya zo bayan an sauko daga masallaci, da kwalin dabino a hannu. Ya cire takalmi ba tare da an gaya masa ba, ya zauna a ƙasa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara. Kawu ya yi ta tura masa nama. Komai yana tafiya daidai, har Kawu ya tambaye ni da Hausa, "Wai shi ɗan wace ƙasa ne? Amurka?"

Na ce, "Jamus, Kawu."

Fuskar Kawu ta washe. Ya goge hannunsa, ya dafa bango ya miƙe tsaye, ya haɗa ƙafafunsa, ya ɗaga hannun dama sama ya miƙe shi sambal. Ya kira sunan shugabansu na lokacin yaƙin, mai ɗan gashin bakin nan. Yana murmushi har kunne, irin murmushin wanda ya samo wa baƙonsa kyautar da ta dace.

Ya ce mini, "Gaya masa wannan namijin duniya ne. Gaya masa mu muna son su. Su ne suka hana Ingilishi barci." Ya kuma ambaci miliyoyin mutanen da shugaban nan ya sa aka hallaka a wancan zamani, da wata magana wadda ba zan rubuta ta a nan ba.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Loma tana hannuna, na rasa ko in kai baki ko in ajiye. Dukansu biyu suna kallona, suna jiran tafinta.

Na ce da Turanci, "Yana cewa motocinku suna da ƙarko."

Injiniyan ya kalli hannun Kawu, wanda har yanzu bai gama saukewa ba. Ya ce mini da Larabci, a hankali, "Na gane, ya ustaz. Ba sai ka wahala ba."

Ya ciro wayarsa, ya yi ta nema, sannan ya miƙa wa Kawu. Hoton kati ne. Na gane shi, ni na ɗauke shi, mai manyan kunnuwan nan ne. Bai taɓa gaya mini ko wane ne ba.

Ya ce, "Zauna, ya hajj. Wannan yayan babana ne. Kakata ta ajiye katin nan a littafin addu'arta har ta mutu. Na yi shekaru ina bin sawunsa. Rundunarsa ta shiga wani ƙauye a can gabas, suka tara mata da yara da tsofaffi a cikin rumbu, suka rufe ƙofa, suka cinna wuta. Ban sani ba ko shi ne ya riƙe ashanar. Na dai san yana wurin. Mutumin da ka kira sunansa shi ya aike shi."

Larabcin nasa a karye yake, amma babu kalmar da Kawu bai ji ba. Ya zauna. Ya daɗe yana kallon wayar, ya nesanta ta da idonsa, ya matso da ita.

Ya ce, "Yaro ne."

Injiniyan ya ce, "Yaro ne."

Kawu ya mayar masa da wayar. Ya ce, "To, Allah ya kyauta. Ci nama." Sannan ya juyo gare ni da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Wannan wane irin mutum ne, yana tona asirin danginsa a gaban baƙi?"

Wannan ma ban fassara ba.

Na ɗauka abin da zai same ni a ranar ya ƙare ke nan. Aka kwashe kwanuka, aka kawo shayi da na'ana'a. Injiniyan, don ya sauya magana ya kuma sauƙaƙa mini, ya tambayi yadda aka yi mutanenmu suka zo Jidda. Wannan tambaya ce da nake jin daɗinta, don ina da amsa a shirye tun ina makaranta. Na gyara zama na ce kakana da ƙafa ya taso daga Najeriya don ya sauke farali, shi da matarsa da 'ya'yansa, suka yi shekaru a hanya. Shi Allah ya yi masa rasuwa kafin su iso, kakata ce ta ƙetaro teku da yara biyu, mahaifina yana goye.

Idon injiniyan ya yi haske kamar yadda yake yi idan ya raba katin da ya manne. Ya ce, "A ina ya rasu?"

Na ce, "A hanya."

"A Cadi, ko a Sudan?"

Na ce, "A hanya dai."

"To daga wane gari suka taso?"

Na ce Kano, don shi ne abin da kowa ke cewa idan Balarabe ya tambaya.

Kawu ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Ba Kano ba. Mu ne Kanawa. Dangin ubanka daga can gabas suke, wani ƙauye ne."

Na ce, "Wane ƙauye, Kawu?"

Ya ce, "Ni za ka tambaya? Kai da kake jininsu?"

Sunan kakana na san shi ne kawai don yana rubuce a iƙamata, a bayan na mahaifina. Ban san sana'arsa ba, ban san sunan ubansa ba, ban san ko dogo ne ko gajere ba. Ga ni na yi watanni ina jin sunayen ƙauyukan manoman Jamus har wasu sun zauna mini a ka. Injiniyan ya ga fuskata, ya ce, "Afwan," wato in yi haƙuri, ya koma yabon shayi. Wannan kalmar ta fi mini ciwo da duk abin da Kawu ya yi.

Bayan sun tafi matata, wadda ta ji komai daga bayan labule, ta ce, "Shi Kawu ya ɗauka da mutumin nan mai gashin baki ya gan shi, baƙar fata, zai ba shi hannu?" Ta yi dariya. Da ta ga ban taya ta ba sai ta ci gaba da wanke-wankenta.

Asabar ta gaba na yi zaton ba zai zo ba. Ya zo da kwalinsa kamar kullum. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu. Ya ce ya ga irin wannan a ƙasashe da dama, har a tasu, kuma a tasu ba a haɗa masa da nama mai daɗi haka. Bai sake tambayata game da kakana ba. Muka ci gaba da aiki har sanyi ya shigo, kwali na ƙarshe ya ƙare. Ba da daɗewa ba ya yi ritaya. Kayan gidansa ya tura ta tashar jiragen ruwa, katunan kuwa ya ce a hannu zai riƙe su cikin jirgi. Ya zo ya yi mini sallama a shago, ya sayi tamis, ya tafi. Ban sake ganinsa ba.

Sai bayan tafiyarsa na je wurin Goggo, yayar mahaifina, wadda ita ce yarinyar da ta ƙetaro teku tare da kakata. Tun da aka rushe tsohuwar unguwarmu take zaune a wurin 'yarta, a wani bene can wajen Khumra, a hawa na sama, ba ta saukowa. Ni kuwa ba na zuwa sai da sallah, in durƙusa in gaishe ta, in koma falo in yi ta hira da 'ya'yanta da Larabci.

Na same ta da hantsi tana zaune a bakin gado, tana tsinke zogale a tire. Idonta ya yi rauni, amma ta gane muryata.

Ta ce, "Lafiya? Ko wani ya mutu?"

Na ce, "Lafiya lau, Goggo. Tambaya na zo yi. Kakanmu, a ina ya rasu?"

Hannunta ya tsaya a cikin tiren. Sannan ta fara, kuma ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, kamar abin yana ajiye a bakinta. Ta ce daga wani ƙauye suka taso a ƙasar Haɗeja, ta faɗi sunansa. Ubansu masaƙi ne, gajere, mai saurin tafiya, kullum sai ya tsaya jiransu. Guzuri ya ƙare musu a Sudan, suka tsaya tsinkar auduga a wata babbar gona don su sami na jirgin ruwa. A nan zazzaɓi ya kama shi. Yana kwance a bukka yana ta tambayar ko teku na da nisa. Mutanenmu da ke aikin gonar suka yi masa sutura, suka binne shi a gefen wata hanyar ruwa, suka jibga ƙaya a kai saboda kuraye.

Na ce, "Wurin yana da suna?"

Ta ce, "Ina yarinya. Auduga ce ta ko'ina, da ruwa a miƙe."

Ta ce ba su biyu ba ne, su uku ne. Akwai wata tsakaninta da mahaifina, wadda ta rasu tun a Cadi, gudawa ta ɗauke ta. Kakata ba ta sake kiran sunanta ba har ta koma ga Allah. Goggo ta faɗa mini sunan. Na maimaita, ta ce ba haka ba, na murɗe shi da harshen Larabawa. Ta sa na sake har sai da ya fito daidai.

Ta ce, "Ubanka bai taɓa tambayata ba. Shi yana goye, bai san komai ba, kuma ba ya so ya sani. Kai me ya tayar da kai yau?"

Na so in ce mafarki na yi. Amma na gaya mata gaskiya, da Baturen, da katunansa, da tambayar da ya yi mini a gaban Kawu.

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Ta ce, "Duk sallah kana zuwa, ka durƙusa a nan, ka ce Goggo ina wuni, ka tashi. Ashe sai da Nasara ya tambaye ka." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta ce in miƙo mata kwanon da ke bayan ƙofa.

Akwai wani magidanci ɗan Haɗeja da ke aikin dako a tashar jiragen ruwa, yana zuwa shagonmu sabunta takardunsa. Na faɗa masa sunan ƙauyen. Ya ce ya san shi, ƙanwar matarsa tana aure kusa da can. Aka ɗauki lokaci ana kai-komo, har wata rana ya shigo da yamma yana riƙe da waya, ya ce ga wani tsoho, ɗan ƙanen kakana ne, yana kan layi.

Na karɓa. Na yi sallama, na gaishe shi da duk Hausar da nake da ita. Ina jin kukan awaki da muryoyin mutane a kusa da shi.

Ya ce, "Kai ne jikan Alhaji? Hausarka kamar ta Balarabe."

Na ce, "Ni ne, Baba."

Ya ce ubansa bai daina maganar yayansa ba har ya mutu. A garin an san kakana da Alhaji, wanda ya tafi gabas ya ga Makka ya ƙi dawowa. Wasu na cewa ya yi arziki ya manta da gida, wasu na cewa ai wanda ya samu maƙwabtaka da ɗakin Allah ba ya waiwaye. An yi ta sa wa yara sunansa. Duk wanda ya tafi aikin hajji daga yankin sai an ce ya duba ko zai ji labarinsa.

Ya ce, "A Makka yake kwance, ko Madina?"

Ɗan Haɗejan yana tsaye a gabana yana murmushi, yana jiran in amsa. Kalma ɗaya ce, kuma babu mai ƙaryata ni. Na juya masa baya na fuskanci injin taswir.

Na ce, "Baba, bai iso ba. A Sudan ya rasu, a gonar auduga. Bai ga teku ba ma."

Na ji ya ce wa na kusa da shi, "Ashe bai isa ba." Wani ya yi salati. Tsohon ya dawo kan waya, muryarsa ta sauya, ya ce Allah ya ba shi ladan niyyarsa, za su sanar a masallaci ranar Juma'a. Ya ce, "Duk shekarun nan kuna can, babu wanda ya aiko mana?"

Ban ƙirƙiro masa wani dalili ba.

Ya ce in lissafa masa zuriyar. Na fara da Goggo, da yarinyar da ta rasu a Cadi, da mahaifina, da mu 'ya'yansa, da namu 'ya'yan. Duk sunan da na faɗa sai ya maimaita shi da ƙarfi ga mutanen da ke zaune, wata mata a can baya tana amsawa da "Allah ya raya." Da muka zo ƙarshe ya tambayi yaushe zan zo su gan ni. Na ce in sha Allahu. Ya ce in zo kafin damina, hanyar tana yankewa idan ruwa ya sauka.

Damina ta sauka a can ta ɗauke, wata ma ta biyo bayanta. Yana aiko mini da gaisuwa ta bakin ɗan Haɗejan, ni ma ina mayarwa. Har yanzu ban je ba.